Daga aji zuwa maƙera: Matasan Damagaram da ke riƙe da ƙirar azurfa duk da tsadar ƙarfe

Idan aka tashi daga makaranta a birnin Damagaram, ba kowane ɗalibi ne ke zarcewa gida ko fadar shan shayi ba. Akwai waɗanda ke ratsa lungu su faɗa wata 'yar rumfa, su rataye jakar littattafai a ƙusa, su naɗe ƙafar wando, su zauna a ƙasa gaban gawayi. Daga nan har kiran sallar magariba aikinsu zuga wuta, da gogar zobe da magagari, da tattara garin azurfar da ya zuba a kan fata don kada ko ƙwaya ta salwanta.

Waɗannan su ne 'yan koyon ƙirar fari, wato masu aikin azurfa da tagulla. Wasu gado suka tarar, wasu kuma 'yan haye ne da iyayensu suka damƙa wa wani maƙeri don kada su tashi ba sana'a.

Sun shigo ta a lokacin da take cikin matsi. Turawa 'yan yawon buɗe ido, waɗanda a da suke sayen kayan da daraja, sun ɗauke ƙafa fiye da shekara goma. Kuɗin azurfa a kasuwar duniya ya ninka sau uku tsakanin 2019 da 2025. Kasuwanni kuma sun cika da sarƙa da awarwaron kanti masu ƙyalli da araha. Abin da ke gaban irin wannan yaro shi ne ko zai daure har hannunsa ya faɗa a zubi da zane, ko zai ajiye guduma ya hau kabu-kabu. Idan ya ajiye, abin da maigidansa ya sani zai tsaya a kan maigidan, domin wannan ilimi ba a littafi yake ba.

Fari da baƙi

A ƙasar Hausa ƙira kashi biyu ce. Maƙeran baƙi su ne masu baƙin ƙarfe, su ke yin fartanya da garma da lauje da gatari da wuƙa. Maƙeran fari kuwa su ke da azurfa da tagulla da sauran ƙarafa masu laushi, kuma daga hannunsu zobe da 'yan kunne da munduwa da adon linzami da na takobi ke fitowa. A al'ada maƙera suna da sarkinsu, wato Sarkin Maƙera, suna kuma da kiɗansu na dundufa.

Damagaram tana da wani abu ƙari a kan wannan. Birnin yana bakin hanyar Abzin, kimanin kilomita 450 kudu da Agadas, da kimanin kilomita 240 arewa da Kano. Saboda haka tun da daɗewa maƙeran Hausa da na Barebari suke zaune kusa da maƙeran Buzaye, waɗanda ake kira inadan da harshen Tamashek. A wurin inadan, maza ke aikin ƙarfe da itace, mata kuma aikin fata. Zaman tare ya sa salo ya shiga salo, har ya zama zanen Abzin kan bayyana a zoben da Bahaushe zai sa ranar Juma'a.

Garin da ya taɓa zuba igwa

Aikin ƙarfe a Damagaram ya wuce na kwalliya. A ƙarni na 19, musamman a zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, masarautar ta zama ɗaya daga cikin masu ƙarfi a wannan yanki. A lokacinsa aka ƙarfafa ganuwar Birni, aka riƙa haɗa albarushi a gida, maƙeran garin kuma suka zuba igwa da hannunsu. Masanin tarihi André Salifou, haifaffen garin wanda jami'ar Zinder ke ɗauke da sunansa a yau, ya yi littafi a kan wannan masarauta a 1971.

Arzikin da ya ɗauki nauyin wannan aiki daga fatauci ya fito. Ayarin raƙuma da ke tasowa daga Tarabulus su ratsa Ghat da Abzin zuwa Kano suna yada zango a nan, kuma daga nan unguwar Zango ta samo sunanta. Cikin abin da fatake ke kawowa har da kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, wanda tun bayan rasuwarta duk lokacin da aka buga shi ake rubuta masa shekarar 1780. Nauyinsa kimanin giram 28 ne, kuma kashi 83 cikin 100 na jikinsa azurfa ce. Maƙera sun daɗe suna narka shi su mayar da shi kayan ado, saboda mai saye da mai ƙira duk sun san abin da ke cikinsa.

Faransawa sun ci garin a 1899, shekara guda bayan an kashe Kyaftin Cazemajou a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Zinder ta zama hedikwatar mulkinsu a Nijar daga 1911 zuwa 1926, kafin a mayar da ita Yamai. A daidai wannan lokaci jirgin ƙasa ya iso Kano daga bakin teku, fataucin hamada ya durƙushe. Zubin igwa ya zama tarihi, amma ƙirar fari ta ci gaba, saboda biki da suna da hawan sallah ba su daina ba.

Tambarin da ke ɗauke da sunan garin

Duk wanda ya taɓa shiga shagon kayan tsaraba a Yamai ya ga allon nan mai jere da abubuwan wuya 21, kowanne da sunan wani gari ko yanki na Nijar. Faransawa ne suka raɗa musu suna croix, wato giciye, saboda siffar na Agadas, ko da yake masu yin su da masu sa su Musulmi ne, kuma a wurinsu ado ne da dukiya.

Na Zinder yana cikin tsofaffin, tare da na Agadas da Tawa da Iferwan da Ingal. Da yawa daga cikin sauran daga baya aka ƙirƙiro su, lokacin da kasuwar baƙi ta buɗe. Bayan rasuwar Mano Dayak a haɗarin jirgin sama a watan Disambar 1995, maƙera sun ƙara wani da sunansa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sana'ar tana karɓar sabon abu.

Tambarin Zinder, wanda Buzaye ke kira tenelit, bai ma yi kama da giciye ba. Zobe ne a sama, sai jiki da ya zarce ƙasa ya ƙare da ɗan kai. Ƙarami ne, shi ya sa mata kan jera da dama a zare ɗaya. A ido yana da sauƙi, amma ga mai koyo jarrabawa ce, domin idan zoben ya karkace ko gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, ba inda za a ɓoye.

Daga zuga zuwa zubi

Yaro ba ya fara koyo da azurfa. Yana farawa da zugazugi. Aikinsa ya riƙe wuta yadda maigida ke so, kada ta yi sanyi, kada ta cinye gawayi a banza. A nan yake koyon karanta launin wuta da na ƙarfe. Azurfa tsantsa tana narkewa a digiri 962 na ma'aunin Salsiyos, jan ƙarfe a 1,085, sanholo kuma a 660. Tsohon maƙeri ba shi da na'urar auna zafi, idonsa ne ma'auni, kuma wannan idon yaro ke nema.

Daga zuga sai magagari da goge-goge. Bayan nan a ba shi tagulla ko jan ƙarfe ya yi ta ɓatawa, saboda asararsu da sauƙi. Zai koyi buga ƙarfe a kan uwar maƙera har ya zama falle, da mayar da shi wuta idan ya yi tauri don kada ya tsage, da jan waya ta cikin ramukan da ke raguwa har ta yi siriri, da liƙa gaɓa da gaɓa ba tare da narka aikin duka ba. Yawanci a zaune ake yi a ƙasa, kuma sau da yawa yatsun ƙafa kan taimaka wajen riƙe abin da ake gogewa.

Zubi shi ne babban darasi. Maƙeri kan sassaƙa siffar abin da yake so da kakin zuma, ya lulluɓe ta da yumɓun da aka cuɗa da kashin dabba don kada ya fashe a wuta, ya bar 'yar ƙofa. Idan ya bushe sai a gasa shi, kakin ya narke ya fita, ya bar gurbinsa. A cikin wannan gurbi ake zuba narkakkiyar azurfa. Idan ta huce sai a fasa yumɓun a ciro abin.

Ma'anar wannan ita ce kowane mazubi sau ɗaya yake aiki. Babu tambari biyu da za su fito iri ɗaya sak, ko da hannu ɗaya ne ya yi su. Idan kuma iska ta maƙale a ciki, ko azurfar ta huce kafin ta cika gurbin, aikin yini ya tashi a banza, sai a mayar da ƙarfen kasko a sake sassaƙa kaki.

Abin da ke fitowa daga yumɓu baƙi ne mai kaushi, ba wanda zai ce ado ne. Magagari ke fito da siffarsa. Sannan a zo ga zane, inda ake amfani da ɗan ƙarfe mai kaifi a yanka layuka da ɗigo da kusurwoyi a jikin azurfar, ba tare da an fara zanawa da alƙalami ba. Kuskure ɗaya a nan ba ya goguwa sai an rage kaurin abin. Shi ya sa zane ne ƙarshen abin da maigida ke sakar wa yaro, kuma kafin a kai nan an ɗauki shekaru.

Ga ɗalibin da ke zuwa makaranta, lokacin koyon nan daga yamma yake fitowa, da ranakun Asabar da Lahadi, da dogon hutun damina. Idan jarrabawar BEPC ko ta Bak ta matso, dole ɗaya ya jira ɗaya. Wasu iyayen na ganin maƙera na cinye lokacin karatu, wasu masu gida kuma na ganin boko na raba hankalin yaro. Tsakanin waɗannan biyu yake tafiya.

Yadda baƙi suka ɗauke ƙafa

Daga shekarun 1970 zuwa farkon 2000, ƙirar azurfa a Nijar ta jingina sosai da baƙi. Masu yawon hamada, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da ayarin tseren motoci na Paris zuwa Dakar da ya sha ratsa ƙasar, duk masu sayen tsaraba ne. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, ya ware wa masu sana'ar hannu wurin aiki da sayarwa. An kuma gina cibiyoyin masu sana'a, irin ta Wadata a Yamai da wadda ke Zinder.

Sunan aikin ya kai nesa. Kamfanin kayan ƙawa na Hermès da ke Faransa ya yi aiki da maƙeran Abzin. A 2006 aka buɗe wani babban baje kolin fasahar Buzaye a gidan tarihi na Fowler da ke Los Angeles a Amurka, wanda daga baya ya je Washington.

Sai abubuwa suka juya. Tawayen arewa ya sake ɓarkewa daga 2007 zuwa 2009. An soke tseren Dakar na 2008 saboda barazanar tsaro, daga nan aka kwashe shi daga Afirka. A watan Satumbar 2010 aka sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit. Ƙasashen Turai suka shiga gargaɗin 'yan ƙasarsu game da zuwa yankin. Ko sanya tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na UNESCO a 2013 bai dawo da baƙin yadda suke a da ba. Birni da fadar Sarkin Damagaram ma suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar tun 2006.

Ta kudu ma hanya ba ta zauna lafiya ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa saboda takunkumin ECOWAS, har zuwa Maris ɗin 2024. Ga garin da cinikinsa ke haɗe da Kano da Daura, kowace rufewa tana taɓa masu saye da masu kawo kayan aiki.

Lissafin giram

Ko da mai saye ya zo, sai an sami ƙarfen da za a yi masa aiki. A 2019 matsakaicin kuɗin azurfa a kasuwar duniya kimanin dalar Amurka 16 ne a kan kowane oza, wato giram 31.1. A watan Oktoban 2025 ya haura dala 50. Idan aka juya shi zuwa kuɗin gida, giram ɗaya ya tashi daga kimanin sefa 300 zuwa kimanin sefa 900, tun kafin ɗan kasuwa ya ɗora ribarsa.

A ɗauki abin wuya mai nauyin giram 15. Ƙarfensa kaɗai ya tashi daga wajen sefa 4,500 zuwa wajen 13,500. Ba a sa gawayi ba, ba a sa abin da magagari ke cinyewa ba, balle ladan hannu. Mai saye kuwa yana tuna farashin da ya sani shekarun baya, ya tsaya a kai. Abin da ke raguwa a tsakani shi ne kuɗin aikin maƙeri, kuma daga cikinsa ne ake ba yaro na sabulu.

Tsadar tana taɓa koyo kai tsaye. Maigidan da a da zai iya miƙa wa yaro giram goma ya gwada hannunsa, yanzu sai ya yi tunani sau biyu. Yaro kan daɗe a kan tagulla, alhali azurfa tana da nata hali a wuta da ƙarƙashin guduma, wanda sai an taɓa ta ake sani.

A gefe guda kuma ga abin da ke jan matasa. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, samari da dama daga sassan Nijar suka nufi arewa. Wasu suka wuce Libiya da Aljeriya. Fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2021, ya nuna wa duniya rayuwar samarin unguwar Kara-Kara da rashin aikin yi ya tura cikin ƙungiyoyin da ake kira pale. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, kuma a jihar da ƙidayar 2012 ta nuna ta fi kowace yawan mutane, da fiye da miliyan uku da rabi, duk rumfar da ta riƙe yara biyu ko uku tana aikin da ya wuce na yin zobe.

Amana ita ce jari

Tsadar azurfa ta buɗe ƙofar da ta fi kowace haɗari ga sana'ar, wato gauraye. Dama azurfar ado ba tsantsa ba ce, saboda tsantsarta ta cika laushi. Abin da duniya ta sani shi ne 925, ma'ana kashi 92.5 cikin 100 azurfa, sauran jan ƙarfe. Matsalar tana farawa ne idan aka ƙara jan ƙarfen fiye da kima ba a faɗa wa mai saye ba, ko aka sayar masa da farin ƙarfen nan da ake haɗawa da jan ƙarfe da nikel da zink, wanda Faransawa ke kira maillechort. Yana da hasken azurfa, amma babu ko ɗigonta a cikinsa.

Yin aiki da wannan ƙarfe ba laifi ba ne. Maƙera da dama na amfani da shi don masu ƙaramin ƙarfi, kuma gwani kan fitar da abu mai kyau da shi. Laifin shi ne a kira shi da sunan da ba nasa ba. Wanda ya saya da sunan azurfa ya ga yatsansa ya yi kore ko wuyansa ya yi ƙuraje, ba maƙeri ɗaya zai zarga ba, duk garin zai haɗa. Nikel na sa wa mutane da yawa ƙaiƙayi, har Tarayyar Turai ta kafa doka tun 1994 da ta taƙaita yawan wanda zai iya fita daga kayan da ke taɓa fata. Duk mai son sayar da kaya a can sai ya san da wannan.

Wasu ƙasashe sun daɗe da warware matsalar da hatimi. A Ingila tun shekarar 1300 doka ta wajabta a gwada azurfa a buga mata alama kafin a sayar. A Faransa tun 1838 ake buga hatimi mai kan Minerve. A kasuwannin Sahel kuwa, abin da mai saye ya fi dogara da shi shi ne sunan maƙeri da sanin gidansu. Wasu maƙeran Buzaye kan rubuta sunansu da haruffan Tifinagh a bayan aikinsu, wanda shi ma wani nau'in ɗaukar alhaki ne.

Nijar ta riga ta yi wa kilishi da albasar Galmi rajista a hukumar kare haƙƙin fasaha ta Afirka, OAPI, don kada wani ya ci da sunansu. Tambarin Zinder da na Agadas ma suna buƙatar irin wannan kariya, ganin yadda ake sayar da na inji masu kama da su a shagunan intanet.

Abin da aji ke ƙara wa maƙera

A nan ne ɗalibin da ke haɗa biyu yake da abin da maigidansa ba shi da shi. Wanda ya yi lissafi da kimiyya a kwaleji zai iya auna giram 92.5 na azurfa da 7.5 na jan ƙarfe a ƙaramin sikelin batir, ya san abin da ya zuba a kasko. Zai iya duba farashin oza a wayarsa da safe ya fitar da kuɗin giram kafin ya yi ciniki. Zai iya rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu, ya gane ko yana cin riba ko uwar kuɗi yake ci.

Ya kuma fi saurin gane haɗarin da ke cikin aikin. Narka tarkacen ƙarfen da ba a san asalinsa ba na iya fitar da hayaƙin dalma, ruwan asid da ake wanke aiki da shi kuma na cin fata da huhu idan rumfa ba ta da iska.

Sai kasuwa. Waya ta zama shago. Hoton zobe a kan baƙin ƙyalle, da ɗan bidiyon lokacin da ake fasa yumɓu, suna tafiya a WhatsApp da Facebook da TikTok zuwa inda maƙerin bai taɓa takawa ba. Kuɗi na iya zuwa ta kamfanonin aike irin su Nita da Al Izza, kaya kuma su bi motar safa zuwa Yamai ko Agadas, ko jakar wani matafiyi. Matashi ne kuma ya san abin da tsaransa ke so: siririn zobe mai harafin suna, 'yan kunne marasa nauyi da za a iya sawa zuwa ofis, maɓallin hannun riga, abin riƙe makulli mai tambarin garinsu.

Akwai hukumomin da aka kafa domin irin waɗannan matasa, kamar asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a, da majalisar masu sana'ar hannu ta CMANI, da cibiyoyin koyar da sana'o'i na ƙananan hukumomi. Akwai kuma bukukuwan baje koli, irin SAFEM a Yamai da SIAO a Wagadugu, wanda ake yi tun 1988. Abin da ɗan koyo ya fi buƙata daga irin waɗannan wurare ƙanana ne: kayan aiki, da rancen ƙarfe, da takardar shaidar da za ta nuna cewa shekarun da ya yi a gaban wuta karatu ne.

Kasuwar da ta rage

Baƙi sun tafi, amma masu sayen asali suna nan. Addinin Musulunci ya hana maza sa zinariya, ya halatta musu zoben azurfa, don haka wannan kasuwa ba ta mutuwa. Ana haɗa lefe kowace shekara. Dawakin da ke fita hawan sallah a ƙofar fadar Sarki Abubakar Sanda suna buƙatar ado da gyara. Zinariya kuma, da ta haura dala 4,000 a kan oza a Oktoban 2025, ta fi ƙarfin gidaje da yawa, abin da zai iya mayar da hankalin wasu ga azurfa.

Sannan ga 'yan Damagaram da ke zaune a Kano da Legas da Kwatano da Abijan da Jidda da biranen Turai da Amurka. Su ne ke da kuɗin da ya ɗan fi ƙarfi, su ne kuma ke neman abin da zai tuna wa 'ya'yansu inda aka fito. Sau da yawa tsarabar da suke kaiwa gida kayan kanti ce, alhali abin da ya kamata su ɗauko daga gida yana bayan layinsu.

Ga mai son saye, akwai abubuwan da za su taimaka. Ya tambayi nauyi da giram, ya sa a auna a gabansa, a raba masa kuɗin ƙarfe da kuɗin aiki. Ya tambaya kai tsaye ko azurfa ce ko gauraye. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma wannan gwaji bai isa ba, saboda akwai jabun da shi ma ba ya kamawa. Gwajin asid a wurin masu sayar da gwal ya fi tabbas. Azurfar gaske kan yi duhu idan ta daɗe, ta dawo fes idan aka goge, ba ta ɓarewa kamar abin da aka yi wa ruwa. A juya bayan abin a duba: aikin hannu kan nuna sawun magagari da 'yan bambance-bambance a zane. Idan kuma farashin bai kai kuɗin ƙarfen ba, an san inda aka dosa. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Azurfa tana da wani abin da kayan kanti ba su da shi. Sarƙar roba mai ruwan gwal idan ta koɗe sai bola. Munduwar azurfa idan ta karye, ko yayinta ya wuce, ana mayar da ita kasko ta fito sabuwa. A gidaje da dama na Birni da Zango akwai irin waɗannan tsofaffin kaya a ƙasan adaka, na kaka ko na uwa. Duk wanda ya ciro ɗaya ya kai rumfa aka auna a gabansa, ya biya ladan aiki ba tare da ya matse ba, ya ba maigida dalilin da zai sa gobe ya miƙa wa yaron da ke bakin zugazugi kaki ya ce ya sassaƙa.